Silin ɗin da Baba ya gwada da ƙafarsa

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa gwada abu sau biyu ba. Dillalin shanu ne, mahauci ɗan mahauci. Ya baro arewacin Najeriya tun yana saurayi, ya biyo garken wani har Abidjan, garken ya ƙare a mayanka, shi kuma ya zauna. In aka sauke shanu a kara, zai zagaya sa sau ɗaya, ya kai masa mari a kwiɓi, ya damƙi gindin wutsiya, shi ke nan ya gama. Ya san kitsen da ke ciki, ya san ko gishiri aka lasa masa ya cika ciki da ruwa a hanya. Ban taɓa jin wanda ya ce hannunsa ya yi ƙarya ba. Inda aka samu matsala, Baba ya ɗauka duk abin da ke duniya sa ne. Haka yake sayen wuƙa, haka yake sayen katifa, rediyon ma da ya saya a kasuwar Adjamé sai da ya sha mari kafin a naɗe masa shi.

Ni ne ɗan da ya ƙi fawa. Ba girman kai ba ne, jini ne ba ya shiri da cikina. Ranar farko da aka kai ni mayanka sai da aka yayyafa mini ruwa. Daga nan na shiga makarantar koyon sana'a, na koyi staf. Wanda bai zauna Abidjan ba zai ce mene ne kuma staf. Silin ne na farar filasta, mu a can plafon muke cewa. Ana dama filasta da ruwa, a zuba a kan tebur mai santsi, a shimfiɗa mata filas, wani farin zare mai kama da ɓawon rama da aka taje, a sake zuba filasta a kai. In ya bushe ya zama allo. Sai a rataye allunan da waya a ƙarƙashin rufin kankare, kowace waya a kama ta da allon da dunƙulen filas da aka tsoma a filasta. Aikin ke nan, kuma har gobe in na fyace hanci fari nake gani.

A makarantar akwai wani tsohon malami, siriri, mai yawan tari, shi ya koya mini abu biyu da suka hana ni zaman lafiya da ubana. Ran nan ya shigo aji da farantin tangaran, ya kife shi a ƙasa, ya hau da takalminsa. Farantin ko gezau. Ya sauka, ya ɗauke shi, ya ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da guduma, sai ga shi gida biyu. Ya ce tangaran da filasta da duk danginsu ƙarfi gare su, amma ba su da haƙuri. Tsaga in ta kama, ba mai tare ta sai ta ɓulla ɗaya gefen. In akwai zare a ciki kuwa, tana tafiya za ta ci karo da shi, ta tsaya, ta kauce, zaren ya riƙe wannan baki da wancan, sai ya zare a hankali kafin abu ya rabu. Ya ce har a injin jirgin sama, inda zafi ke laushin ƙarfe, masana na neman yadda za su saƙa zare cikin tangaran saboda wannan dalili. Na yi dariya a raina, don kakata a ƙauye ba ta taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, amma ba ta yarda a yi mata yaɓe babu ciyawa a kwaɓin.

Abu na biyu, ya raba mana waya ya ce kowa ya tsinka tasa da ja. Muka yi ta nishi, ba wanda ya iya. Ya karɓi ɗaya, ya lanƙwasa ta gaba, ya lanƙwasa ta baya, yana ba mu labarin tsadar kifi, ba ƙarfi ba komai, can sai ta ɓalle a hannunsa. Ya ce kaya ma suna gajiya. Abin da ya ɗauki babban nauyi sau ɗaya, ba lallai ya ɗauki ƙarami sau dubu ba. In za ka sayi abu, in ji shi, tambaya biyu ce: nawa zai ɗauka, kuma sau nawa. Na rubuta wannan a bangon littafina har da ja masa layi.

Da na gama, na kama ɗan shago a Adjamé Saint-Michel, bayan wani mai walda. Aiki ya fara shigowa, na yi aure, na haihu. Baba bai taɓa taka ƙafa a shagon ba, alhali duk mako yana ratsa Adjamé. Suna ya raɗa mini, Injiniya, kuma yadda yake jan wutsiyar kalmar ko kurma ya san ba yabo ba ne. In baƙi suka tambayi sana'ata sai ya ce, "Fura yake damawa da gashin doki, ya liƙa wa mutane a ka." A yi dariya, ni ma in yi, me zan ce? Akwai kalma biyu da yake faɗa wa almajiran fawarsa in suka feɗe sa ba su huda fata ba. Zai duba, ya juya fatar, ya ce, "Ka iya." Ba ya ƙari. Na ga ƙato mai gemu ya ji wannan ya koma gefe yana share ido. Ba zan ɓoye ba, abin da nake nema ke nan a wurin Baba, ba gida ba, ba gado ba. Ina da 'ya'ya biyu a lokacin amma ina kwaɗayin kalmar nan kamar ɗan yaye.

To sai ga dama ta zo. Baba ya ɗora bene a kan gidanmu na Belleville, a Treichville, ya ce falonsa na ƙasa, inda yake karɓar fataken shanu, shi ma sai an yi masa staf irin na manya. Na ji labari daga bakin Inna, mahaifiyarmu, na ce alhamdu lillahi, abin nema ya samu. Na ɗebi awo, na zana fure na tsakiya, har na sayo filas mai kyau. Ashe wani abokin Baba na masallaci ya kawo masa nasa mai staf ɗin, wani mai shago kusa da tashar motar Gare de Bassam, mutum mai fara'a da babbar murya, kowa patron ne a bakinsa, wato maigida. Na san aikinsa, don duk a wuri ɗaya muke sayen kaya. Allunansa kauri gare su, sun ninka nawa, sumul, gwanin sha'awa. Filas kuwa yana sa shi kamar gishiri a miyar mai hawan jini.

Baba ya ce ba zai zalunci kowa ba, kowa ya kawo allo ɗaya a gwada. Ranar Juma'a bayan an sauko, a tsakar gida, gaban abokansa dillalai huɗu da suka zo cin abinci. Aka jera bulo biyu, aka ɗora allon mutumin a kai. Baba ya tattare babbar riga, ya cire takalmi, ya yi bisimilla ya hau. Kuma Baba ba ƙaramin mutum ba ne, naman da ya ci shekara arba'in bai tafi banza ba. Allon bai ce uffan ba. Dillalai suka ce, "Ma sha Allah!" Mutumin ya daki ƙirji ya ce, "Patron, wannan ko giwa!"

Aka ɗora nawa. Baba ya hau. Sai kowa ya ji ƙas!

Allon ya tsage a tsakiya, ya ɗan lotsa, amma bai rabu ba. Baba na tsaye a kai, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, zaren ya riƙe shi. Ni abin da na gani ke nan. Su kuwa ƙas ɗin nan kawai suka ji. Ɗaya daga cikin dillalan ya ce, "Ayya," irin ayyar da ake yi wa mai zaman makoki.

Na ce, "Baba, ku duba, ai bai karye ba, har yanzu kuna kai."

Ya ce, "Injiniya, kunnena ne ya yi ƙarya?"

Na ce, "To ku koma kan wancan, ku hau ku sauka, ku hau ku sauka, ko sau ɗari biyu, mu gani."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ni ɗan rawa ne? Abu ya ɗauke ni, me kuma ya rage?"

Aka fashe da dariya. Na fara zancen farantin tangaran da waya, wallahi har injin jirgin sama na ambata, kuma Hausata in na fusata gudu take ta bar ni da Faransanci, sai na ƙara zama abin kallo. Baba ya ɗaga hannu ya yanke hukunci: falo na mutumin Gare de Bassam ne. Ni kuma, don kada a ce ya hana ɗansa, a ba ni ɗakin Inna in yi wasana a can.

Inna tana bakin madafa tana jin komai. Ba mai yawan magana ba ce, amma in ta yi ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Da baƙi suka tafi ta ce, "Alhaji, kai fa duk abin da ka saba saye, washegari ake yanka shi. Yaushe ka taɓa sayen abin da za a zauna da shi?" Ya ce mata mata ba su san gini ba, ya nemi asuwaki.

Na yi ɗakin Inna da fushi. Na danna filas har sai da ya ishe ni, kowace waya na ɗaure ta da dunƙule mai gashi buzu-buzu, ina yi ina ƙwafa. Mutumin ya yi falo, kuma gaskiya ɗaya ce, ya yi kyau. Fari fat, ba ka ganin mahaɗa, ga fure a tsakiya wanda in ka lura da nawa zanen yake kama, amma bari in yi shiru. Baba ya sa aka ja kujerarsa daidai ƙarƙashin furen.

Sama kuma aka zuba 'yan haya. Cikinsu akwai wata mata mai sayar da futu, wato sakwarar ayaba da rogo, tana da rumfa a bakin titi amma a gida take daka. Barandarta ta sama ta ratsa kan falon Baba da kan ɗakin Inna gaba ɗaya. Kullum daga hantsi zuwa azahar ita da ƙanwarta suna kan turmi, tim, tim, tim, ba Asabar ba Lahadi. In kana falo ka ajiye kofin shayi za ka ga saman shayin yana rawa. Inna ta yi ƙorafi sau ɗaya, Baba ya ce ƙarar turmi albarkar gida ce. Dalilin albarkar kuwa, kullum da rana ana sauko masa da malmala biyu da miyar kwakwar manja, shi da ya zo Abidjan yana cewa ba zai taɓa cin abin da ba a tuƙa ba.

Ba a yi shekara biyu ba silin ɗina ya fara tsagewa. Siraran layuka, kamar gashi, suna bin mahaɗar alluna, ɗaya ta ratsa ta kan gadon Inna. Na zo na duba, na danna da hannu, daram yake. Na san abin da ke faruwa, filasta ce ta gaji ta saki, zare ya karɓi aikin. Amma je ka gaya wa Baba. Ya samu abin nuna wa baƙi. Mutum zai zo daga Arewa da gajiyar hanya, ya sha ruwa, sai Baba ya ce a yi wa Inna sallama, ya ja shi bakin ƙofarta ya ce, "Zo ka ga taswirar da Injiniya ya zana mana. Ga hanyar Kano nan, ga ta Sakkwato." Daga nan a dawo falo a ɗaga kai a yaba aikin mutanen kirki. Shekaru ana wannan yawon buɗe ido. Na ce zan shafe tsagar da sabuwar filasta, Inna ta ce in bar mata abinta, ita ba ta ga abin da ya tsare mata ba.

Wajen shekara goma da yin aikin, fankar falo ta lalace, Baba ya aiko a kira ni, don aikin fanka dai ya yarda zan iya. Dole sai na leƙa saman silin in ga inda wayar wuta ta bi. Na kafa tsani, na ɗaga ɗan murfin da ke kusurwa, na zura kai da tocila. Daidai lokacin matan sama suna kan daka.

Na haska. Dunƙulen da ke riƙe da wayoyin filasta ce zalla, da kyar ka ga zare ɗaya biyu. Duk sun tsattsage. Kowane tim na taɓarya sai ka ga farin gari ya ɗan tashi a gindinsu. Na ƙirga wayoyi da dama da suka riga suka saki, suna lilo a iska ba su riƙe da komai. Ga allunan nan masu kauri, nauyin duniya, sauran wayoyin ne ke ɗauke da nasu da na 'yan'uwansu. Daga ƙasa kuwa fari fat, ko tabo babu. Ciwon duk yana ta saman da ba mai gani.

Na sauko na ce, "Baba, silin ɗin nan zai faɗo."

Yana cin futunsa. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Ina tsagar?"

Na ce, "Tana sama. Ku hau ku gani da idonku."

Ya ce, "In hau tsani da tsufana don in tayar maka da tsohon fushi? Shekara goma bai isa ka huce ba?"

Na ce, "Wallahi tallahi ba hassada ba ce. Irin wannan ba ya sallama, rana ɗaya zai zo gaba ɗaya. Ku bar ni in ƙara masa wayoyi, kwana biyu na gama, ba sai kowa ya sani ba."

Ya suɗe hannu ya ce, "Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, balle tsani. Naka da ya tsage ka ce lafiya lau yake, na mutane da bai tsage ba ka ce zai faɗo. Wannan wace irin makaranta ce? Kada ka taɓa mini aikin mutane."

Nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa ubana murya. Na ce gini ba sa ba ne. Na ce yau da gobe ita ke sa allura ta haƙa rijiya. Na ce abubuwa da yawa da ba sai na maimaita ba. Ya nuna mini ƙofa da hannun da bai wanke ba, na fita ko fankar ban gyara ba.

Ga inda nake jin kunyar kaina. Baba kullum yana fita mayanka da sassafe, ba ya dawowa sai rana ta take. Inna za ta buɗe mini ƙofa, ta ma ce in zo. Da na shiga da waya da filas na yi safiya uku, da an wuce wurin, shi kuma ya ci gaba da yabon mutumin Gare de Bassam har ƙarshen ransa. To wannan ɗin ne zuciyata ta ƙi. In gyara a ɓoye, yabo ya tafi wurin wani? Na ce a raina, bari ya faɗo ya gani. A tunanina zai faɗo da safe ba kowa a ciki, a kira ni, in zo in tsaya ina kallon tarkace ban ce komai ba. Har yadda zan harɗe hannu na tsara. Inna ita ce ta yi abin da za ta iya, kullum in ta yi shara sai ta ja kujerarsa jikin bango, kullum in ya dawo sai ya mayar da ita ƙarƙashin fure.

Ana haka rikicin ƙasa ya kai intaha, aka yi kwanakin nan da kowa ya kulle ƙofa. Manyan bindigogi suna tashi, gida na girgiza, gilashin tagar falo ya zube. Mai futu ta kwashe ƙanwarta da turminta ta gudu garinsu. Ni ina Adjamé da iyalina a kwance a ƙasa, hanya ba ta biyuwa, kuma duk ƙarar da ta tashi, ba harsashi nake tunani ba, silin ɗin falon nan nake gani. Da ƙura ta lafa na ƙetare gada na je Belleville. Na tarar da Baba a kujerarsa, ya rame, amma bakinsa na nan. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya nuna sama da sanda ya ce, "Injiniya, igwa ma ta gwada ta bari. Saura wa?" Na ɗaga kai. Fari fat. Wallahi ranar har ni sai da na fara zargin ilimina.

Gari ya daidaita, kasuwa ta buɗe, mai futu ta dawo da sabon turmi. Ba ta yi wata guda da dawowa ba. Wata Talata ce, rana tsaka, ba iska ba hadari, ina shago ina dama filasta, ƙanwata ta kira ni tana ihu, ban gane komai a maganarta ba sai falo da Baba.

Ban san yadda na isa ba. Na tarar an riga an jawo shi tsakar gida, fari tun daga kai har ƙafa, jini na bin farin ta gefen kunne. Silin ɗin ya zo gaba ɗaya, daga bango zuwa bango. Inna ta ce ba ta ji ƙas ba, ba ta ji komai ba, sai dai rugum. Furen tsakiya shi ya same shi a kafaɗa ya kayar da shi da kujerar, ƙugu ya karye. Mai futu tana durƙushe tana kuka da taɓarya a gefenta. Ana ɗaga shi za a sa a mota, ya juyo da kai ya ce mata, "Daina kuka, 'yata, taɓarya ba ta rushe gida." Ko a lokacin bai sallama ba.

Na shiga falon bayan an tafi da shi. Ga tarkacen da na yi ta mafarkin tsayawa a kai. Na ɗauki gutsure ɗaya, bakinsa sumul kamar an yanka da wuƙa, ba zare ko na rantsuwa. Gaskiyata ta fito, ba wanda zai ƙara musa mini. Ban harɗe hannu ba. Na zauna a kan garin filasta na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, don na san safiya uku ce ta raba ubana da ƙafarsa, kuma ni na hana ta.

Ya yi makonni a asibiti. Ƙashin tsoho ba ya ɗoruwa yadda ake so, likita ya ce tafiya sai dai a keken guragu. Ranar da aka dawo da shi, ƙannena suka gyara masa ɗakinsa na kusa da falo. Ya ce a'a, a kai shi ɗakin Inna. Aka kwantar da shi a gadonta, daidai ƙarƙashin hanyar Kano da ta Sakkwato. Mai futu ta riga ta mayar da turminta rumfa, ba wanda ya ce ta yi, gidan ya yi tsit da rana har ba daɗi.

Ina zuwa kullum bayan la'asar in juya shi, in shafa masa magani. Ba ya zancen silin, ni ma ba na yi. Rannan ina tsaka da matsa masa ƙafa na ga idonsa a sama. Ya daɗe yana bin layukan da kallo.

Ya ce, "Wannan tsagar, tun yaushe take?"

Na ce, "Ta kusa shekara goma, Baba."

Ya ce, "Turmin nan ɗaya suka sha da na falo?"

Na ce, "Ɗaya."

Can ya ce, "In zai faɗo fa?"

Na ce, "Zai lotsa tukuna, ya yi ciki, ya yi ta lilo a jikin zare. Sai kun gaji da ganinsa kun kira ni."

Ya ce, "Mai sallama ne ke nan." Ya juya fuska bango. Na ɗauka barci ya yi, har na miƙe, sai na ji ya ce, "Falon nan ba zai zauna haka ba rufi ba. Ka sa gashin dokin naka da yawa."

Na yi allunan a shagona na Adjamé, ban taɓa yin aiki da natsuwa irin wannan ba. Ranar da na kawo su, na sa aka turo shi tsakar gida a kekensa. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na je bayan madafa na ɗauko bulo biyu na jera a gabansa, na ɗora allo ɗaya a kai, na ja da baya. Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Baba ya dubi allon, ya dubi ƙafafunsa da suka sirance a ƙarƙashin zane. Sai a lokacin na gane abin da na yi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Ɗauke, ba sai an gwada ba. Ka iya."

Shekara ashirin ina jiran kalmar nan. Ta zo, ba dillali ko ɗaya a wurin, daga ni sai Inna sai kaji. Na sunkuya na ɗauki allon, na kasa ɗago kai. Wallahi da za a ba ni zaɓi, da na mayar masa da kalmarsa, ya tattare riga ya hau, allon ya ce ƙas, ya kira ni Injiniya a gaban kowa.